Sauron da Na Ciyar da Jinina

Anti, ki taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a jami'ar yankinmu. Shekara shida ina kiwon sauro domin binciken zazzaɓi. Kada ki yi dariya, mijina ya riga ki, Uwar Sauro yake kirana. Irin da muke kiwo ba ya shan jinin kwalba, don haka sau biyu a mako nake ɗora hannuna kan ragar keji ina cije leɓe. Ko bikin ƙanwata riga mai dogon hannu na sa saboda tabo.

Watan jiya binciken ya fito a mujalla. Sunaye bakwai, har da na wanda ko ƙofar ɗakin bai sani ba. Nawa babu. Da na tambayi Farfesa, shugaban aikin, ko ɗago kai bai yi ba, wai ai abin da aka ɗauke ni yi ke nan.

Anti, na tsane shi. Na sayi gwangwanin maganin sauro, yana jakata yanzu haka. Fesa biyu ta isa. Watan gobe baƙi za su zo duba aikin, ina son in tsaya gefe in ga idonsa ya raina fata a gaban keji babu ko ɗaya mai motsi.

Uwar Sauro

Ƙanwata, an cuce ki, babu ja. Farfesa zai iya fakewa da cewa ba kowane ma'aikaci ake sa sunansa ba, amma wanda ya sa sunan ɗan kallo ba shi da bakin faɗin haka.

Sai dai ki ajiye gwangwanin nan a gida. Makullin ɗakin a hannunki yake, ke za a fara nunawa. Shi zai zama abin tausayi, ke ki rasa aiki, ɗaliban da digirinsu ke rataye da kejin su tashi a tutar babu.

Ki kwafi littafin da kike rubuta aikin kullum, ki kai ƙara kwamitin bincike a rubuce, ki nemi a gyara jerin sunayen. Sannan ki nemi hutunki na shekara, ya faɗo daidai zuwan baƙin. Ki bar wa Farfesa takarda mai ladabi, da ranakun ciyarwa da minti nawa ake ajiye hannu. Sauro ba ya jiran kowa ya dawo hutu. Sai Farfesa ya naɗe hannun rigarsa.

Allah ya huci zuciyarki, ya warkar da tabon.