Guntun Kek ɗin da Kowa Ke Bari

Umeå, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Gunvor,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kuna lafiya, ke da mai gidanki Torbjörn da yara. Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau, rana ta fara daɗewa kafin ta faɗi, autata Ylva kuma ta samu aiki a asibitin dabbobi.

Kin tambayi labarin gwiwata. Likita ta ce ba za ta yi min aiki ba sai na rage kilo goma, in kuwa ba a yi aikin ba, babu zancen zuwa Kanada bikin 'yarki a watan Satumba. Na rantse mata ba na cin komai, sai ta ce in rubuta duk abin da ya shiga bakina har mako biyu. Yaya, takardar nan ta ba ni kunya. Kin san shan kofinmu na ofis, safe da yamma, kin kuma san halinmu, babu mai yarda ya ɗauki yankan kek na ƙarshe. Wannan ya raba shi biyu, wancan ya sake rabawa, kowa ya tashi a bar guntu. Ni ce mai kwashe kofuna, ni ce kuma mai cinye guntun a tsaye, shekara goma sha tara. A gida ma haka nake yi da ragowar kowa. Ban taɓa ɗaukar shi abinci ba, ni a ganina gyaran wuri nake yi.

Mai gidana Ingemar ya yi ta dariya, wai ashe kwandon shara mai ƙafa biyu ya aura. Kwana biyu ban kula shi ba, don gaskiya ya faɗa. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga ba kwaɗayi ba ne. Kin tuna bayan rasuwar Baba, Mama ta ci gaba da zuba abinci a faranti huɗu? Ni nake cinye rabonsa don kada ta gan shi ta yi kuka. Shekarata tara a lokacin, kuma ban daina ba sai watan jiya.

Kilo uku sun tafi. Ranar Litinin na zubar da guntun da hannuna, na shige banɗaki na yi kukan da ban yi wa Baba ba.

Ki gaishe min da Torbjörn da ɗanki Arvid. Ki ce wa amarya Saga ta ajiye min kujera kusa da masu rawa. In an bar guntun kek a faranti, wannan karon ke za ki cinye.

Ƙanwarki mai kewarki,
Majken