Ragona, Rijiyar Dado

Tanut, cikin bazara, 1926

Zuwa ga aminina Attahir, magatakarda a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Balki da yara? Allah ya sa kuna lafiya kamar yadda muke nan. Mai ɗakina Raliya tana gaishe ku.

Ka san ni tun muna lakwal, makarantar Nasara. Ba uba, ba ubangida na koyi Faransanci. Buzanci wajen masu raƙuma na tsince shi. Dokin da nake hawa gumina ne. Yau duk hanyar da Kumandan, Baturen mulkinmu, zai bi, sai na riga shi na leƙo masa ita. Ba wanda ya ɗaga ni.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Makiyaya suka yi kukan ruwa arewa da Tenhiya, aka tura ni neman wurin rijiya. Ni kaɗai na yi ta yawo, har na ga gara tana fito da ƙasa mai danshi a gindin wata aduwa. Na kafa sanda. Aka kawo Dado mai haƙa da mutanensa.

Ka san al'adar wajen: wanda ya yanka rago a bakin rijiya ranar da ruwa ya ɓullo, sunansa take ɗauka. Na sayi rago, na ɗaure a aduwar. Amma haƙa ta ƙi ƙarewa, ni kuwa zaman jira kashe ni yake. Na ce bari in leƙo hanyar Gangara in dawo. Ina can ruwa ya fito. Wai ba a barin sabon ruwa ya kwana ba yanka, Dado ya kwantar da ragona.

Shekaranjiya wani Bafillace ya tare ni, shanunsa na tangaɗi don ƙishirwa. Na ce masa ya nufi rijiyata, Rijiyar Mailafiya. Ya tsaya yana kallona. Attahir, da bakina na ce Rijiyar Dado, sannan ya kaɗa shanunsa.

An ce a ofishinku ake zana sabuwar taswirar Damargu, kuma kai ke cika sunaye. Bakin mutane ya riga ya ƙwace mini, takarda ce ta rage. Ba alfarma nake roƙo ba. Arewa da Tenhiya, gindin aduwa, ka rubuta Rijiyar Mailafiya.

Ka huta lafiya.

Naka,
Mailafiya, wanda ya kafa sandar