Ruwan da Ba Ya Tafiya

Juma'a, 14 ga Janairu, 2022

Korona ta sake tasowa. A nan ƙasar Larabawan da za a yi Kofin Duniya, yini muka yi tsakanin unguwar ma'aikata ta Asian Town da asibiti, ni a sitiyarin motar ɗaukar marasa lafiya, Hananiya a baya da su. Nas ne, mutumin Pankshin, mun daɗe a mota ɗaya. Muna shan shayi ya ce akwai wata gasa bayan Kofin Duniya: iyo a teku, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu. Shi ya taɓa yi. Na ce keke da gudu ban sani ba, amma iyo kada ma ya fara. Ni ɗan masunci daga Yawuri, shi da ya tashi a kan dutse, ya koyi ruwa a kwamin wanka yana da gemu! Ya ce, "To Malam Nasidi, in sa sunanka?" Na ce sa.

Lahadi, 16 ga Janairu

Na gwada gudu a Corniche, titin bakin teku. Kafin in wuce jiragen ruwan katakon nan ƙirjina ya ce khalas, wato ya isa haka. Ba wanda zai ji wannan.

Juma'a, 4 ga Maris

Yau na shiga teku. Gishiri har cikin hanci, amma jikina ya tuna komai. Hananiya ya nuna min wata jar balan-balan da aka kafa can ciki, ya ce mu zagaye ta mu dawo. Na bar shi a baya tun farko, daɗi kamar me. Da na duba sai na gan ni can hagu kusa da duwatsu, balan-balan tana wata duniya. Yana ta ƙwala min kira: "Malam, Dubai za ka?"

Na san dalili. Haka Baba ya koya min tsallaka kogin Kwara: ba ka nufar inda za ka fita, sama da wurin kake nufa, ruwa ya sauko da kai daidai. Kai a sama, ido a kan gaɓa. To ruwan nan ba ya tafiya, a tsaye yake kamar na randa, babu mai sauko da ni. Hananiya ya ce in sa fuska a ruwa, in riƙa ɗagowa kaɗan ina duba alamar. Na ce masa mu a wurinmu wanda ya sa fuska a ruwa nitsewa yake yi.

Laraba, 30 ga Maris

Gana ta hana mu zuwa Kofin Duniya. Moro, abokin ɗakina ɗan Kumasi, har rawa ya yi a kan katifata. Don ya wanke laifinsa ya ba ni aron kekensa har gasa ta wuce. Keken ya girmi Moro, amma yana tafiya.

Asabar, 16 ga Afrilu

Azumi, aiki, zafi. Keke kawai nake taɓawa kafin shan ruwa.

Juma'a, 15 ga Yuli

Shekara biyu da rasuwar Baba. Ina cikin farar rigar kariya a bakin asibiti aka kira ni, jirage ba sa tashi, ko ƙasa ban zuba masa ba. Na yi masa addu'a bayan masallaci. Da na kira gida, 'yata Rahma ta karɓi wayar uwarta ta ce, "Abba, wai teku ya fi kogin Kaka girma?" Na ce ya fi shi girma, bai fi shi hankali ba. Ta ce idan na zo hutu in koya mata iyo. Kewarsu ta dame ni yau.

Asabar, 8 ga Oktoba

Gudu ya zauna. Yanzu ina kai ƙarshen Corniche in dawo ina iya amsa sallama. Wandona har ya yi min yawa, ina alfahari da kaina, ba ɓoyewa.

Amma ruwa. An yi gwaji da mutane da yawa, na sake karkacewa hagu. Na gyara, na sake. Na yi iyo ya fi na kowa tsawo, na fito bayan kowa. Hananiya bai yi dariya ba, wannan ya fi min ciwo. Ya ce ranar gasa akwai lokacin da aka yanka, wanda bai fito ba za a ciro shi a sa a kwale-kwale a kai shi gaɓa, gasarsa ta ƙare. Ɗan Shehu mai taru, a ciro shi daga ruwa kamar buhun da ya faɗa! In labarin ya kai Yawuri ina zan sa kaina?

Litinin, 10 ga Oktoba

Ba na yi masa magana sai ta aiki. Mota ɗaya, yini guda.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Gari ya cika, ba hutu, ba ranar kanka. An rufe Corniche ga motoci, ko'ina tuta da ganga. Daga filin wasa zuwa asibiti, mu koma. Yau wani dattijo ya faɗi cikin cunkoso, na ratsa da motar ta lungunan Al Asmakh, muka kai shi da rai. Hananiya ya buga min kafaɗa ya ce, "Hannunka na da kyau, Malam." Na ji daɗi. Atisaye kuwa, gudu daga masauki zuwa inda muke ajiye mota, shi ke nan.

Asabar, 3 ga Disamba

An kori Gana. Na yi rawa a kan katifar Moro.

Talata, 20 ga Disamba

Baƙi sun watse, an ba mu hutun yini. Na je teku ni kaɗai da safe, da tabaraun ruwan da Hananiya ya jefa min a mota tun watan Maris. Na duba babu wanda ya san ni, na sa fuska. Na sha gishiri na ƙoshi. Can ƙasa yashi ne fari, da inuwata tana bina. Na nufi alamar kai tsaye, sai na ji kamar na juya wa Baba baya, kamar na ce masa abin da ya koya min bai isa ba. Na fito na zauna a yashi na yi kuka. Wanda ban samu yi a bakin asibiti ba ne, ina jin.

Juma'a, 23 ga Disamba

Na ce wa Hananiya wani abokina yana tambaya, sau nawa ake ɗago kai a duba alamar. Ya ce in gaya wa abokin nawa ya same shi a bakin ruwa gobe da safe, ya zo da tabarau.

Asabar, 4 ga Fabrairu, 2023

Na gama! Jiya ne. Jikina duk ciwo, hannuna ma da ƙyar yake riƙe biro.

Da aka busa usur, mutane kamar kifi a taru, ƙafar wani a bakina. Kafaɗata ta fara ja na hagu, yadda ta saba. Na ce, Baba, yi haƙuri, wannan ruwan ba namu ba ne. Na sa fuska, na ɗago, jar alamar tana gabana. Na sa, na ɗago, tana nan. Kwale-kwalen ya zo kusa da ni, mai tuƙin ya dube ni ya wuce wajen wani. Da ƙafata na taka gaɓa.

Keken Moro ya yi ta kuka amma bai ba ni kunya ba. A gudu wata mata mai furfura ta wuce ni tana ce min yalla, yalla, wato maza-maza. Ina cikin na ƙarshe-ƙarshe. Moro yana bakin layi da tutar Gana, wai ita kaɗai ya samu. Hananiya ya gama tuntuni, ya dawo baya ya raka ni sauran tafiyar. Ya rataya min lambar yabon a wuya da hannunsa, bai ce komai a kan ruwa ba. Yaron yana da tarbiyya.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Rahma ta ga hoton. Ta ce wannan tabarau fa, Kaka ma yana sawa? Na ce a'a, Kaka bai taɓa buƙata ba. Ta ce to wane iri zan koya mata. Na ce na Kaka tukuna, a Kwara, kai a sama.

Na saya mata ƙaramin tabarau a Asian Town. Don rana ne kawai, tana da ƙarfi a kan ruwa.