Waiwayen Ziyad

Litinin, 10 ga Satumba

Yaron ya iso. Ziyad Tarabai, shekara ashirin da biyu, daga wata jami'a a Ohio. Can aka haife shi, amma kakansa ɗan wani ƙauye ne a nan Biƙa, don haka yana da fasfon Lebanon, ba za a lissafa shi cikin baƙin 'yan wasa ba. Ɗan gida ne a takarda. Mai raba ƙwallo ne, lamba ɗaya. Wato aikina.

Koci Antun ya ce gwaji ne, wasan sada zumunci uku kafin a buɗe gasar ƙwallon kwando, sannan a yanke. Bai faɗi abin da za a yanke ba, ni ma ban tambaya ba. Kulob irin namu a Zahle ba ya riƙe manyan masu raba ƙwallo biyu, wannan ko mai goge fili ya sani. Shekarata talatin da shida, gwiwar hagu kuwa ta haura hamsin.

Gajere ne, kamar ni. Ya gaishe ni hannu bibbiyu, ya ce mini "Baffa Nazih". Baffa.

Laraba, 12 ga Satumba

Larabcinsa duk a bakin kakarsa ya koya. Maruwan, dogon da ke tsaya mana ƙarƙashin kwando, ya miƙa masa gorar ruwa, sai yaron ya ce, "Allah ya yi wa hannayenka albarka, ɗan nan, Allah ya sa kai za ka binne ni." Ɗakin canza kaya ya kaure da dariya. Maruwan ya ce, "Kai, wace tsohuwa ka haɗiye a jirgi?" Daga yau sunansa Teta, yadda muke kiran kakanninmu mata. Ya yi dariya tare da su, da alama bai gane me aka yi ba.

Wasa kam ya iya. Hannu da sauri, yana jefa wa mutum ƙwallo ba tare da ya dube shi ba. Na kalli faifan wasanninsa na jami'a: fili maƙil, 'yan badujala, ɗalibai sun shafe ƙirjinsu da fenti. Mu nan ganga ɗaya gare mu, mai buga ta ma sai ya tashi daga shago.

Asabar, 15 ga Satumba

Na gano shi.

Duk lokacin da ya tsallake layin tsakiya, kansa yana juyawa wajen benci. Ƙiftawar ido ce kawai, amma a cikin ƙiftawar nan ƙwallon ba ta da mai ita. Na koma kan faifan. Kocinsa na jami'a yana tsaye a bakin layi cikin kwat, yana nuna masa da yatsu abin da za a buga, kowane zuwa, shekara huɗu cur. Can lokacin da ake ba su su kai hari sakan talatin ne, akwai lokacin neman izini. Nan ashirin da huɗu ne, kuma Koci Antun ba ya nuna wa kowa komai, yana zaune da carbinsa kamar mai jiran mota. Yaron yana waiwayawa, ba ya samun komai, ya dawo da kai. Shi kansa bai san yana yi ba. Sabo turken wawa.

Ni nake tsaronsa a atisaye. Hannuna har ƙaiƙayi ya yi, amma ban taɓa ƙwallon ba. In na fizge yau, gobe ya gyara. A bar wa abokan hamayya.

Lahadi, 16 ga Satumba

Abincin rana a gidan surukai bayan coci. Fadlu, yayan matata Sahar, ya sake kawo zancen shagonsa na tayil a Shtura. "Kujerarka na nan, Kyaftin, da na'urar sanyi. Mutane za su zo su ɗau hoto da kai, su tafi da tayil ɗin banɗaki." Kowa ya yi dariya. Sahar ba ta yi ba, ta ƙara mini kibbe, curin nama da alkama.

Talata, 18 ga Satumba

Gwiwa. Ƙanƙara. Yaron ya kawo mini inabi daga gonar dangin kakarsa. Na ci, inabi bai yi mini laifi ba.

Juma'a, 21 ga Satumba

Wasan farko, da wani kulob daga Beirut. Mai raba musu ƙwallo Hagob ne, Ba'armeniyen nan da muka yi shekara goma sha wani abu muna zungurin juna a haƙarƙari. Kafin hutun rabin lokaci yaron ya yi abin kallo, har shugaban kulob ya miƙe yana tafi. Na zauna ina kallon Hagob, Hagob yana kallon wuyan yaron.

Ana dawowa Hagob ya fara. Yaron ya tsallake layi, ya waiwaya, Hagob ya wawure ya tafi ya zuba a kwando shi kaɗai. Aka dawo, aka maimaita. Na daina ƙirgawa. Koci ya yafito ni da carbi na shiga, muka rage tazara, amma an cinye mu.

Da ana gaisawa Hagob ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Ka sani, ko? Ɗan banza, tun tuni ka sani." Na ce ya gaishe mini da mutanen gida.

Asabar, 22 ga Satumba

Na tarar da Koci yana shan gahawa a ofis. Na ce, kamar da wasa, ko ya lura da wani abu a wuyan Teta. Ya ce, "Ina da ido, Nazih, tun ranar farko. In na ce masa kar ya dube ni, umarnina ya bi ke nan, kuma sai ya dube ni ya ga ko ya bi daidai. Mai raba ƙwallon da sai an faɗa masa, wannan ɗan aike ne." Sannan ya ce, "Kai fa?" Na ce ni ba koci ba ne.

Ana yawan tambayata a gari ko yaron jami'a zai iya da manya. Amsata ɗaya: a jami'a ana koya maka ka yi biyayya, a nan ana biyanka ne don ka yanke hukunci. Wasu suna hayewa, da yawa ba sa hayewa.

Talata, 25 ga Satumba

Bayan atisaye ya tsaya shi kaɗai yana buga ƙwallo biyu a ƙasa, hagu da dama, har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Yana gyaran inda bai lalace ba. Na dawo ɗaukar jakata, ya tare ni.

"Baffa, don Allah, me nake yi ba daidai ba? Hannuna ne ya mutu?"

Na ce ya riƙa cin abinci sosai, iskar Biƙa tana rama mutum.

Ya zauna a ƙasa ya hau ba ni labari, ban tambaye shi ba. Babansa yana aiki a masana'antar gilashi a Toledo, ya riga ya shaida wa duk cocinsu cewa ɗansa ya koma ƙasar kakanni ya zama ƙwararren ɗan wasa. In bai samu nan ba, wani abokinsa na da shagon waya. Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Kowa da shagon tayil ɗinsa.

Juma'a, 28 ga Satumba

Wasa na biyu. Labari ya riga mu isa fili, Hagob ba ya riƙe sirri. Wani yaro da bai kai ya ɗaure wa Ziyad takalmi ba, shi ma ya yi ta wawura. Tun kafin hutu 'yan kallo suka fara kiran sunana da ganga. Na shiga, muka ci. Shugaban kulob ya sumbace ni a kumatu, ya ce tsohon zuma da shi ake magani.

Daɗi? Ya yi daɗi, ba zan yi wa takarda ƙarya ba.

Sai dai dab da tashi wannan yaron nasu ya wuce ni kamar ya wuce turke. Gwiwar ta ƙi juyawa. Maruwan ya tare ƙwallon a sama, ba wanda ya lura. Ni na lura.

Lahadi, 30 ga Satumba

Sahar ta kama ni ina saukowa daga bene da baya da baya, ina riƙe da ƙarfe. Muna cikin mota ta ce, "Yaron nan, kai ka ka da shi, ko bari ka yi aka kayar maka da shi?" Na ce mata ba su san ƙwallo ba. Ta ce, "Ƙwallo kam ban sani ba. Kai na sani."

Talata, 2 ga Oktoba

Ban shirya ba. Muna atisaye biyar da biyar, ya tsallake layi, ya waiwaya, sai ga ƙwallo a hannuna. Na je na zuba. Ya sake kawowa, na sake ɗaukewa. Haka muka yi ta yi, har fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar takalma. Maruwan ya ce, "Haba Kyaftin! Wanda ya faɗi ake takawa? Ka riga ka ci, me kuma kake nema?" Koci bai busa usur ba, yana ta jan carbi.

A ƙarshe yaron ya ture ni da hannu biyu, idanunsa jawur. Ba Larabcin kaka yau, da Turanci ya zage ni. Sannan ya ce, "Ta yaya kake sanin lokacin? Ta yaya?" Na ce, "Kai kake faɗa mini."

Ba wanda ya yi mini magana a ɗakin canza kaya. Na yi ne don Koci ya san waye waye kafin Asabar. Iyakar dalilin ke nan.

Laraba, 3 ga Oktoba

Yau ma. Na ɗauke, na ɗauke, amma na ga yana ta taɓa wuyansa kamar wanda sauro ya ciza. Can wajen tashi ya tsallake layi, kan ya juya, na kai hannu da dukkan ƙarfina. Ba ƙwallo a wurin. Da gangan ya waiwaya, ɗan banzan. Ya bi ta bayana ya wuce, ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa, a gaban kowa.

Maruwan har da kwanciya don dariya. Yaron ya dawo ya miƙo hannu, "Sannu Baffa, Allah ya sa ni ne na faɗi ba kai ba." Na ce ya rufe mini baki da maganar tsofaffi. Na dai kama hannun, don ba zan iya tashi ni kaɗai ba.

Asabar, 6 ga Oktoba

Wasa na uku, su Hagob kuma, wannan karon a gidansu. Zuwan farko yaron ya ba shi waiwaye, Hagob ya afka, ya rungumi iska. Bayan an yi masa haka karo na biyu sai ya juyo ya nemo ni a benci, ya ɗora yatsa a gefen kansa yana murzawa. Na san abin da yake nufi. Wataƙila yana da gaskiya.

Minti na ƙarshe, suna gabanmu da ci ɗaya, filin kamar zai tsage. Yaron ya kawo ƙwallo, na ga kafaɗarsa ta sage, kan ya fara juyawa. Wannan ba na gangan ba ne, na san bambancin. Kuma ba Koci yake nema ba, ni yake nema. Na sunkuya na hau kwance igiyar takalmina, wadda ba abin da ya same ta. Da na ɗago, ƙwallon tana hannun Maruwan a ƙarƙashin kwando, yana zubawa. Yadda ta isa can ban gani ba, an ce ta yi kyau.

Litinin, 8 ga Oktoba

An ba shi shekara biyu. Ni zan riƙe kabad ɗina na ɗakin canza kaya zuwa ƙarshen kakar wasa, in shiga 'yan mintoci idan ya gaji. Daga nan sai Shtura. Koci ya faɗa yana kallon kofinsa. Da zan fita ya ce, "Ka ce kai ba koci ba ne." Na ce har yanzu.

Na kira Fadlu. Wai akwai tayil na Sifen da na Italiya, kuma dole in san bambancinsu.

Asabar, 27 ga Oktoba

An buɗe gasa, mun ci. Wani ɗan jarida ya tambaye ni ko yaron zai yi nisa. Na ce gajere ne, hagunsa da sauran aiki, kuma yana yawan neman gafara idan ya buge mutum. A tambaye ni bayan shekara uku.

Gobe zai zo cin abinci. Sahar ce ta gayyace shi, ni dai na ce mata ta ƙara yawan kibbe, don ba ya cin abin kirki a ɗakin da suka ba shi.

Ban shiga ba yau, bai gaji ba. Tun daga fari har aka tashi bai waiwayo benci ko sau ɗaya ba. Na tabbata, don duk tsallaken da ya yi idona yana kan wuyansa, ina jira.