Yawu a Yatsa

Lahadi, 11 ga Oktoba

Gobe za a buɗe makaranta. Tun da rana gabana yake faɗuwa. Watanni muna zaune lafiya ni da Inna, yanzu wai in koma cikin 'yan aji biyu, masu share majina da hannun riga. Ba kaina nake ji ba, Inna nake ji. Ga ciwon suga, ga asma, kuma likita ya ce idan cutar nan ta korona ta kama ta sai dai wani ikon Allah. Yaya ya bugo waya, wai in ajiye aikin. Na ce to, shi zai riƙe gidan? Nan take layinsa ya lalace.

Litinin, 12 ga Oktoba

Maigadi na bakin ƙofa da na'urar auna zafi, yana saita wa kowa a goshi. Yara har sun raɗa mata suna bindiga. Benci ɗaya yaro ɗaya, tagogi a buɗe. Hedimasta ya yi dogon jawabi kan takunkumi, nasa yana rataye a haɓa.

Yarana sun yi tsawo, sun manta rabin baƙaƙe. 'Yar Tambaya, wadda bakinta ba ya hutawa, ta sheƙo a guje za ta rungume ni. Na daka mata tsawa. Ta tsaya cak, hannuwa a buɗe. Abin ya tsaya min a rai, amma ya zan yi?

Da na dawo: takalmi a waje, kaya cikin bokiti, wanka, sannan na gaida Inna daga bakin ƙofa.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Malamin lissafi ya ce ni kam ko iska sai na wanke kafin in shaƙa. Ya yi ta dariyarsa. Shi ai ba shi da tsohuwa a gida.

Talata, 20 ga Oktoba

Innalillahi. 

Bayan an tashi na zauna ni kaɗai a aji, na sauke takunkumi in sha iska, na jawo tulin littattafan yara ina dubawa da jan biro. Na yi nisa sai na ji ɗanɗanon takarda a harshena. Ashe lasar yatsa nake yi ina buɗe shafi! Haka nake yi tun ranar da na fara koyarwa, hannun da kansa yake zuwa baki. Ni da ko alli sai na goge. Littafin da ke gabana na 'Yar Tambaya ne, duk ta tattaune gefensa, har da danshi.

Na kurkure baki da sabulu har na yi amai. Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Bencin 'Yar Tambaya babu kowa. Hedimasta ya kira ni ofis, yau takunkumin har hanci. Babanta na asibiti, an tabbatar cutar ce, yarinyar ma tana kwance da zazzaɓi. An rufe ajina. Ma'aikaciyar lafiya ta tambaye ni ko na kusanci yarinyar, na ce a'a, sannan na sunkuyar da kai na faɗa mata zancen yatsa. Ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi. Ta zura min tsinken gwaji a hanci, ta ce in killace kaina sai sakamako ya fito.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Na koma ƙaramin ɗakin da muke ajiye tarkace. Maƙwabciya ce take yi wa Inna girki, Allah ya saka mata. Na ce wa Inna gajiya ce. Wane baki zan buɗe in ce na lashi cuta na kawo mata?

Lahadi, 25 ga Oktoba

Maƙogwarona na ƙaiƙayi. Ko kuwa tsoro ne? Sai sunsunar sabulu nake yi in ji ko ƙanshi na nan. Yana nan.

Inna ta yi tari da hantsi. Na manna kunne a bango har wuyana ya ƙage.

Talata, 27 ga Oktoba

Da la'asar na ji takun Inna, ta tsaya bayan ƙofa. Ta ce, "'Yar nan, laifin me na yi miki?" Wallahi gara ta mare ni. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai ta jikin katako, ina kuka kamar 'yar aji ɗaya.

 Sai ta ce, "Yatsa? Ni na zaci kin gaji da ni ne."

Maƙwabciya ta ce kwanakin nan Inna ba ta taɓa abincin kirki. Mai suga! Ina can ina gadin ƙofa.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Sakamako ya fito, ba ni da ita. Alhamdulillahi. Na zaci zan yi tsalle, sai kawai na nemi wuri na zauna. Yarinyar ta samu sauƙi, babanta har yanzu yana asibiti. Ranar Litinin za a buɗe ajin, littattafai kuma za su sake taruwa, hannun nan kuma nawa ne, na san halinsa. Na buɗe ƙofa, amma daga nesa na ci abinci.

Litinin, 2 ga Nuwamba

Na saɓa jaka zan fita Inna ta kira ni. Ta ciro filasta daga gwangwanin magungunanta. "Miƙo yatsan."

Na ce ta ajiye a tebur zan ɗauka.

"Miƙo, na ce. In kika kai shi baki kika ji ɗaci, kya tuna."

Ta naɗa shi a karkace, har ninki biyu. Ta gama amma ba ta saki ba. Hannunta ya rame, ban san ya rame haka ba, ga ɗumi. Tsoron na nan, ina jin sa har cikin haƙorana.

Ban janye ba dai. Kada filastar ta kwance ne kawai.