Batirin Motata Na Neman Raba Ni Da Aikina

Anti Dela, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi, kuma a gidanmu babu mai saurarena.

Ni malamar asibiti ce, a Kazaure nake zaune, a Roni nake aiki. Bara na faɗo daga kan acaɓa na karye a hannu, maigidana Malam Daudu ya rantse na gama hawa babur, ko mota ko zaman gida. Shi ne na yi ta maza na sayi mota 'yar Kwatano, irin mai haɗa fetur da batir ɗin nan da ake ce wa haibirid. Tun ranar Yaya Muhsin, wan maigidan, ya sa mata ido, wai motar 'yan gayu ce, babu bakaniken da ya san kanta a nan. Ni kuwa lallaɓa abata nake. Har tela na sa ya ɗinka wa kujerun riga mai kauri har ƙasa, don ran kasuwa nakan ɗoro wa tumakina buhun dusa a baya.

Da bazara ta shigo sai ta fara kunna min jar fitila. Mai na'urar gwaji ya jona, ya ce babban batirin gida-gida ne, kuma ƙarfin wutarsu ya kamata ya zo kusan ɗaya. Da safe kuwa haka suka zo. Da na dawo daga Roni da la'asar aka sake, wani ya hau, wani ya faɗi, ƙaramin batirin ma, irin na kowace mota, bai kai bolt sha biyu ba. Kowane gwaji da tasa maganar. Yanzu Yaya ya samo mai cajin batir na bakin tasha, wai a cire kujerar baya a kai ga babban batirin, ya ƙyasta waya ya ga tartsatsi yadda yake yi wa na tifa, in wutar ba ta yi masa ba a kai ta Babura a sayar. Maigidan ya yi gum, kuma na san shirunsa. Motar na tafiya, aikina ya bi ta.

Wallahi ba zan ba da makullin ba. Na ɓoye shi, su ce min mara kunya, na ji na ɗauka. Ban sha wahalar karatu don in dawo ina gadin tsakar gida ba.

Taki, Mai Kafiya, Kazaure.

'Yar'uwa Mai Kafiya, riƙe makullin nan da kyau. Wutar da ke bin wayoyin babban batirin, masu launin ruwan lemo, tana kashe mutum nan take, kada ki bari mai cajin nan ya kusance su.

Awon da ke canzawa da zafin rana bai nuna batir ya mutu ba. Fara da ƙaramin, don in ya yi rauni yakan rikita lissafin motar gaba ɗaya. Sannan ki leƙa gefen kujerar baya, akwai 'yar taga da fankar babban batirin ke shaƙar iska. Ina kyautata zaton rigar telanki ta rufe ta, garin dusa kuma ya cushe fankar. Yaye rigar, dusa ta nemi wata motar. Daga nan a kai ta Kano da sanyin safiya, gwanin irinta ya share fankar, ya duba tsatsa a mahaɗar gidajen, ya auna su tana tafiya. In gida ɗaya ne kullum ke faɗuwa, sau da yawa shi kaɗai ake canzawa.

Amma ki yi adalci. Yayanku bai yi ƙarya ba, masu gyaranta sun yi ƙaranci a wajenku. Maigidanki kuma tsoro ne ya rufe masa baki, ba mugunta ba, kuma ɓoyon makulli ba zai cire masa shi ba. Ki same shi ku biyu, ki roƙe shi ya raka ki Kano ya ji da kunnensa. Tun kafin ku tashi ki tambaye shi kai tsaye: in ma batirin ya mutu, da me za ki riƙa zuwa aiki? Kada ki yarda a ɗaura aikinki a jikin batir, domin shi ana sayo wani, gurbinki a Roni kuwa kina bari za a ba wata.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya kai ki Ya dawo da ke lafiya.

Anti Dela