Walimar Ate Remedios

Oslo, ranar Lahadi

Nanay,

Mahaifiyata, ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Tatay, mahaifina? Ina fatan ambaliya ba ta taɓa shinkafarmu ba. Ni lafiyata ƙalau. Hannuwana sun ɗan tsattsage da wanki a gidan tsofaffi, amma kada ki damu.

Jiya na je gidan Ate Remedios, 'yar yayarki da kullum kike cewa mu yi koyi da ita. Ƙungiyar matan Filifin ta ba ta lambar yabo, sai Ate ta haɗa walima. Na yini ina soya lumpia, abincinmu na gida mai kama da samosa, na kai mata. Ina gaishe ta da yarenmu na Ilokano a gaban baƙinta Turawa, sai ta ja ni kicin.

"Perlita, bar yaren ƙauyen nan. Kuma Remy ake kirana."

Wata baƙuwa ta leƙo ta ce, "Ƙanwarki ce? Kun yi kama!"

Ate ta yi dariya ta ce, "Ina! Mai taya ni aiki ce."

Nanay! Yarinyar da kika raina da hannunki! Na ɗauke farantina na fice, na kai wa abokan aikina suka cinye.

Wata mai zuwa zan rubuta jarrabawar nas, ki sa ni a addu'a. Kada Tita, mahaifiyar Ate, ta ji wannan labarin, ba za ta jure ba. Amma hoton Ate da ke bangon falo, ki sauke shi. Ko kalanda ce ki rataya a wurin.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Perlita